Kuɗin Gwamnati da Aikin Yi a Bakin Iyaka: Abin da Tarihin Ƙasar Jibiya Ya Nuna, 1973–2024

Gabatarwa

Tun daga 1936, lokacin da masanin tattalin arzikin nan na Ingila, John Maynard Keynes, ya bayyana ra'ayinsa game da rashin aikin yi, masana suka kasu gida biyu. Wasu suna ganin cewa in kasuwa ta yi sanyi, jama'a suka shiga zaman kashe wando, to wajibi ne gwamnati ta buɗe baitulmali ta ƙirƙiro ayyuka, domin kuɗin da leburan hanya ya karɓa shi ne zai isa ga mai tuwo da tela da manomi. Wasu kuwa suna cewa gwamnati ba ta kashe kwabo sai ta karɓo shi daga aljihun wani, ko ta ci bashi, ko ta buga takardar kuɗi, ƙarshenta sai tsadar kaya. Ba nufinmu ba ne mu raba wannan gardama. Galibi da alƙaluman ƙasa baki ɗaya ake yin ta, mu kuwa mun zaɓi mu tsaya wuri guda mu bi sawun kuɗin. Wurin shi ne ƙasar Jibiya ta Jihar Katsina, watau garin Jibiya da Magama inda ake ƙetarawa zuwa Maraɗi, da yankunan karkara irin su Kusa da Faru da Bugaje.

Abin da za mu nuna shi ne, a wannan yanki kuɗin da aka kashe da niyyar samar da aiki bai samar da shi yadda aka zata ba, wanda kuma aka kashe da wata niyya dabam shi ne ya ɗauki samari aiki.

Zamanin garaɓasar mai

Rashin aikin yi a ƙasar Jibiya ba irin na birni ba ne. Damina ba ta wuce wata huɗu, daga nan sai rani mai tsawo. Da ma can hanyoyi biyu manomi yake da su in ya gama girbi: ya tafi ci-rani, ko ya shiga fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ba ta yanke wannan zirga-zirga ba, don kuwa mutanen gefe biyun dangi ne, sarautar Maraɗi ma daga Katsina ta fito bayan jihadi.

Abu biyu suka haɗu a farkon shekarun 1970. Fari ya afka wa ƙasashen Sahel daga 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa ta 1975 kuma ta durƙusar da noman da ke kawo wa talaka kuɗi. A daidai wannan lokaci farashin gangar mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12. Gwamnatin Tarayya ta sami kuɗin da ba ta taɓa gani ba. Tsarin Raya Ƙasa na Uku, na 1975 zuwa 1980, an fara shi da Naira miliyan dubu 30, daga baya aka ƙara zuwa miliyan dubu 43. An yi ƙarin albashin Udoji, wanda ya taimaka wajen kai hauhawar farashi sama da kashi 30 cikin ɗari a 1975. Ma'aikaci ya sayi babur, manomin da ba ya cikin takardar albashi sai tsadar ta iske shi har gida.

Cikin dabarun da aka fito da su domin karkara har da hukumomin raya koguna. An kafa ta Sakkwato da Rima a 1973, a 1976 aka mai da su goma sha ɗaya a ƙasar duka. Hikimar a fili take: a tare ruwan damina, a yi noman rani da shi, ci-rani ya ragu. Sai dai tun daga Bakalori aka ga alamar matsala. An gama madatsar a 1978, a watan Afrilu na 1980 kuma 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka rasa rayuka masu yawa. Madatsar Zobe ta Dutsin-ma kuwa an gama ta a 1983, ta yi shekaru da yawa tana riƙe da ruwa ba tare da an kammala magudanan da za su kai shi gonaki ba.

Madatsar Jibiya

Rabon Jibiya bai zo ba sai da garaɓasar ta wuce. An tsara madatsar a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka gama ginin a 1989 a kan Kogin Gada, wanda in ya ƙetara iyaka ake kiransa Gulbin Maraɗi. Tsawon bangon ya kai mita 3,660, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142, filin da aka nufa a shayar kuma ya kusa hekta 3,500. A wurin da gonar magidanci ba ta cika wuce hekta ɗaya ko biyu ba, wannan fili zai iya riƙe dubban gidaje a lokacin rani.

A nan ne ya kamata mu dakata. Kaɗan ne daga cikin filin ruwa yake gangarawa gare shi da kansa. Mafi yawansa tudu ne, sai an ɗaga ruwan da manyan injinan famfo, injinan kuma sai da man gas da kayan gyara da ake sayowa daga ƙasashen waje. To, an tsara aikin ne a daidai lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira. Nairar da ta fi dala ƙarfi a 1980 ta koma wajen huɗu a dala ɗaya a 1987, ta kai wajen 22 a 1993. Kowace faɗuwa ƙarin tsada ce ga kowane injin. Daɗin daɗawa, shirin ya tilasta wa gwamnati tsuke bakin aljihu, hukumomin kogunan aka rage musu aiki da kuɗi. Sakamakon haka, an yi shekaru da dama ana noma ɗan ɓangaren da ruwa ke gangarawa, sauran filin yana jiran mai.

Kasafin kuɗi kashi biyu ne, na manyan ayyuka da na yau da kullum. An saba yabon na farko a kuma zargi na biyu da cewa albashi ne da almubazzaranci. Madatsar Jibiya ta nuna raunin wannan rabo. Ranar da aka biya ɗan kwangila, kuɗin ya shiga lissafin bunƙasar arzikin ƙasa, leburori kuma sun sami aikin shekara biyu. Amma aikin yi mai ɗorewa yana rataye ne a kan ɗan kuɗin man gas da gyara da albashin mai kula da magudana, wanda ba a aza masa harsashi, ba a kuma gayyatar maroƙa ranar fitar da shi. Ba mu ce madatsar ba ta da amfani ba. Ta samar da ruwan sha da kamun kifi da lambuna. Abin da muke cewa shi ne an biya kuɗin aiki cikakke, aka ci moriyar ɓangare. Har wa yau kada mu manta da manoman fadamun Gulbin Maraɗi, waɗanda ambaliyar da suke noma da ita ta ragu, ko da yake ƙasashen biyu sun sa hannu a Maraɗi a 1990 kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan.

Kuɗin da ya ɗauki samari aiki

Akwai wani kuɗin da gwamnati ta daɗe tana kashewa ba don Jibiya ba, shi ne rangwamen man fetur. An yi shi ne don sauƙaƙa wa mai mota a Ikko da Kano. Amma muddin lita ta fi araha a Katsina fiye da Maraɗi, kuma sefa tana ƙara ƙarfi a kan Naira, bambancin ya zama sana'a. Daga nan aka sami 'yan fito da 'yan jarka da direbobi da masu dako da 'yan canji. Motar da ta fita da mai ko taki sai ta dawo da shinkafa da yadi da taba, kayan da Nijeriya ta hana shigowa da su ko ta ɗora musu haraji mai nauyi, attajiran Maraɗi kuma suka ƙware wajen shigo da su ta tashoshin Kwatano da Lome. Ba muna wanke fasa-ƙwauri ba ne. Muna faɗin cewa saurayin da aka yi wa alkawarin kadadar albasa bai same ta ba, ya sami babur da jarka.

Irin wannan aiki ba shi da tushe, domin umurni ɗaya daga fadar gwamnati yana rushe shi. An rufe iyaka a watan Afrilu na 1984, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. An sake rufewa a Agusta na 2019, a Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya shafi mai injin ban-ruwa kamar yadda ya shafi ɗan fito. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disamba na 2020, ban da ta Jibiya, sai Afrilu na 2022. A tsakanin nan, saboda ta'asar 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Baure a 2021, manoma da yawa suka bar gonakinsu. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye rangwamen, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli aka kuma rufe iyaka har Maris na 2024.

Duk wannan ba ya fitowa a alƙaluman ƙasa. Hukumar Ƙididdiga ta ce marasa aikin yi kashi 33.3 cikin ɗari ne a ƙarshen 2020. Da ta sauya ma'auni, ta mai da aikin awa ɗaya a mako ya isa a kira mutum mai aiki, sai adadin ya koma 4.1 a farkon 2023. A bisa sabon ma'aunin, manomin Kusa da ya yi dakon buhu biyu ran kasuwa ya fita daga sahun marasa aiki.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, a kan kuɗi kusan dala miliyan dubu 2, kuma ta Jibiya aka shata ta. Tambayoyin da ya kamata masu nazari su riƙa yi a kanta su ne waɗanda ba a yi a kan madatsar ba a 1987: nawa za a riƙa kashewa kowace shekara wajen mai da gyara, daga wace asusu, kuma wane kaya jirgin zai ɗauka a shekarar da aka rufe Magama.