Daga Rum zuwa Gadarif: Tafiyar Kalmar "Sekula"

Ranar 19 ga watan Disamba na shekarar 2010, makonni uku kafin mutanen Kudancin Sudan su kaɗa ƙuri'ar raba gardama, shugaba Umar al-Bashir ya tsaya gaban taron jama'a a garin Gadarif, lokacin kakar riɗi da dawa. Abin da ya gaya musu a taƙaice shi ne, idan Kudu ta ɓalle za a sake tsarin mulki, Shari'a ta zama tushen doka, Larabci ya zama harshen hukuma, kuma a daina zancen bambancin ƙabilu da al'adu. A cikin mazauna wannan gari akwai Hausawa masu ɗimbin yawa, jikokin maniyyata da masu hijira, Musulmi tun kaka da kakanni. Kashin farko na jawabin ba zai dame su ba. Kashi na ƙarshe kuwa, mai cewa babu sauran zancen bambanci, ya shafe su kai tsaye, domin harshen da suke yi a gidajensu ba Larabci ba ne.

A ƙarƙashin wannan jawabi akwai wata kalma da Sudan ta yi shekaru tana kokawa da ita. Turawan Ingila suna ce mata secular, Larabawa suna rubuta ta da baƙaƙen da za a iya karanta su almaniyya ko ilmaniyya, mu kuma har yau ba mu tsayar mata da suna ɗaya ba. Ina so mu bi sawunta tun daga inda ta fito, domin rabin gardamar da ake yi a kanta gardamar fassara ce.

Asalinta Latin ne, harshen Rumawa. Saeculum a wajensu na nufin zamani, wato tsawon rayuwar tsara guda ta mutane, daga baya ya koma nufin ƙarni. Daga nan Faransanci ya samo siècle, ƙarni ke nan. Da Kiristanci ya kafu a Turai sai kalmar ta ɗauki ma'anar wannan zamani mai ƙarewa, kishiyar madawwamin zamani. Har limaman coci aka kasa su gida biyu: waɗanda suka killace kansu a gidajen ibada suna bin ƙa'idar ƙungiyarsu, da waɗanda suke zaune cikin gari suna yi wa jama'a hidima. Waɗannan na biyun su ake kira limamai sekula. Ka ga ke nan a farkon lamari mutum na iya zama sekula yana jan ibada kowace Lahadi.

Ma'anar ta fara juyawa ne ta hanyar dukiya. Bayan yaƙin shekara talatin da aka gwabza tsakanin 1618 da 1648, sulhun Westfaliya ya miƙa wasu filaye da ƙasashen coci ga sarakuna, aka kira wannan aiki mayar da su sekula. A 1851 wani Bature ɗan Ingila, George Holyoake, wanda aka taɓa ɗaure shi a 1842 bisa laifin saɓo, ya ƙirƙiro sunan aƙida daga kalmar. Ya zaɓe ta ne don ya bambanta kansa da masu musun samuwar Allah: abin da yake kira gare shi shi ne a tsara rayuwar duniya da hujjojin duniya. Faransa kuma ta bi wata hanya da wata kalmar dabam, laïcité, wadda tushenta kalmar Girkanci ce mai nufin jama'a, wato talakawan da ba limamai ba. A 1905 ta kafa dokar raba coci da gwamnati bayan doguwar tsama da cocin Katolika. Turkiyya ta ari kalmar Faransa ta mayar da ita laiklik, ta rushe halifanci a 1924, ta shigar da kalmar cikin tsarin mulkinta a 1937, amma ba ta saki addini ba, sai ma ta sa masallatai da limamai ƙarƙashin wata hukumar gwamnati. Tun a nan mai karatu zai lura cewa abubuwa uku ne mabambanta suke yawo da riga iri ɗaya.

Da kalmar ta iso Larabci sai ta shiga ta ƙofofi da yawa. Kiristocin Larabawa sun daɗe suna kiran wanda ba limamin coci ba almani, daga alam, duniya. Wani Bakibɗe ɗan Masar, Ilyas Buƙtur, ya yi amfani da ita a ƙamusunsa na Faransanci da Larabci da aka fara bugawa a 1828. To amma Larabci ba a cika sa masa wasali a rubutu ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da fataha da kisira ke iya yi wa kalma. Idan ka sa wa ainun fataha ka ce almaniyya, ka danganta ta da duniya. Idan ka sa mata kisira ka ce ilmaniyya, ka danganta ta da ilmi. Masu goyon bayanta da yawa sun fi son kisira, don ta nuna su a matsayin mutanen ilmi da bincike. Masu adawa kuma suna cewa wannan yaudara ce, kamar ana nufin addini da ilmi ba sa zama inuwa ɗaya.

Akwai wata ƙofar. A farkon shekarun 1880 Jamaluddin al-Afgani ya rubuta raddi ga waɗanda aka kira dahriyyun a fassarar Larabci da almajirinsa Muhammad Abduh ya yi. Dahr shi ma zamani ne, saboda haka ta fuskar lugga ya yi kusa da saeculum ƙwarai. Sai dai a tarihin Musulunci dahriyya suna ne na masu cewa shuɗewar zamani ce kaɗai ke kashe mutum, babu tashin ƙiyama. Wasu kuma suka yanke hanya suka ce la diniyya, rashin addini, kuma wannan fassarar ce ta yi ƙarfi a Urdu. A Indiya, da aka ƙara kalmar cikin gabatarwar tsarin mulki a 1976, fassarar Hindi ta hukuma ta guje wa kalmar da za ta nuna ba ruwan ƙasa da dharma, ta zaɓi wadda ke nufin ƙasa ba ta fifita wata ɗariƙa a kan wata. Sun gane cewa zaɓen kalma shi ne rabin hukunci.

Mu dawo Sudan. A Satumban 1983 Ja'afar Numeiri ya kafa dokokin da ya kira na Shari'a, masu suka kuma suka laƙaba musu dokokin Satumba. A wannan shekarar ce yaƙin Kudu ya sake tashi, kuma ƙungiyar John Garang ta riƙe buƙatar ƙasa ta almaniyya. Ranar 18 ga Janairun 1985 aka rataye Mahmud Muhammad Ɗaha, dattijo mai shekara 76, bisa hukuncin ridda, bayan ya fito fili ya soki waɗannan dokoki. Daga nan kalmar ta yi zafin da ɗan siyasar Arewa ba ya iya riƙe ta a hannu. Da 'yan adawa suka taru a Asmara a 1995, har da manyan jam'iyyun da suka tsiro daga gidajen Ansar da Khatmiyya, sun amince cewa zama ɗan ƙasa shi ne tushen hakki, kuma kada a kafa jam'iyya bisa addini, amma suka kauce wa kalmar kanta. Yarjejeniyar Machakos ta 2002 ta bar Shari'a a Arewa, ta ba Kudu damar zaɓen makomarta, kuma Kudu ta tafi ranar 9 ga Yulin 2011.

A zanga-zangar 2019 wata kalmar ce ta cika tituna: madaniyya. Ga matasa da yawa ma'anarta mulkin farar hula, kishiyar mulkin soja. Ga wasu kuma hanya ce ta faɗin almaniyya ba tare da an furta ta ba. A Satumban 2020 firaminista Abdalla Hamdok da Abdul'aziz al-Hilu, jagoran 'yan tawayen tsaunukan Nuba, suka sa hannu a Addis Ababa kan raba addini da hukuma. A Maris na 2021 Janar Burhan da al-Hilu suka sa hannu a Juba kan ƙasa ta madaniyya. A Fabrairun 2025, ana tsakiyar yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, takardar da dakarun RSF da abokan tafiyarsu suka sa wa hannu a Nairobi ta ambaci almaniyya ƙarara. Kalmar da wasu suka yi shekara arba'in suna neman a rubuta, ga shi ta fito a takardar rundunar da ake zargi da kashe-kashen fararen hula. Wannan ma zai ƙara mata wani nauyin a kunnen mutanen Gadarif, garin da ya cika da waɗanda yaƙin ya koro daga Khartum da Jazira.

Ina Bahaushen Gadarif yake a cikin wannan duka? Kakanninsa hanyar Makka ce ta kawo su. Tun ƙarni na 19 akwai mazaunin Takari a Gallabat, kan iyakar Habasha. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira har suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Aikin audugar Jazira da aka buɗe a 1925, da noman injin da aka fara a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, sun ci gumin waɗannan mutane. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta nemi mutum ya nuna cewa zuriyarsa na zaune a ƙasar kafin 1898, kuma wannan ya bar da yawansu a waje. Mutumin da ya bar ƙasarsa don kada ya zauna ƙarƙashin Nasara, ya iso ƙasar Musulmi, sai takarda ta ce masa baƙo. A Oktoban 2008, bayan jaridar Al-Ayyam ta danganta wa al-Bashir kalaman da aka fahimta da cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, abin da hukuma ta musanta, Hausawa sun fito zanga-zanga a Gadarif har aka rasa rayuka. A Yulin 2022 kuma rikicin jihar Shuɗin Nilu, wanda ya taso kan ƙasa da sarauta, ya sake fito da su tituna a Gadarif da Kassala.

Darasin da ke nan mai ɗaci ne. Gwamnatin da ta fi kowacce kiran sunan Musulunci ba ta hana a tambayi Bahaushe takardar kakansa ba. Gwamnatin riƙon ƙwarya da ta sa hannu kan raba addini da hukuma, ta kuma soke hukuncin ridda a 2020, ita ma ba ta kawo ƙarshen wannan tambaya ba. Kalmar da ta fi shafar rayuwarsa ita ce muwaɗana, zama cikakken ɗan ƙasa, kuma ana iya tauye ta a ƙarƙashin kowace tuta.

A gida ma ba mu tsira daga rikicin fassarar ba. A Najeriya an yi zazzafar muhawara kan kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a majalisar tsara tsarin mulki ta 1978. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma, amma kalmar sekula ba ta cikinsa, shi ya sa kowane ɓangare ke karanta shi yadda ya ga dama. A Nijar ƙungiyoyin Musulunci sun ƙi kalmar laïcité a farkon shekarun 1990, aka cire ta, kuma tsarin mulkin 2010 ya yi maganar raba hukuma da addini ne kawai. A gidajen rediyo za ka ji an ce ƙasar da ba ruwanta da addini, wani lokaci ma a ce ƙasa marar addini. Ta farkon tana iya nufin alƙalin da ba ya ɗaukar ɓangare, kamar yadda muka ce ƙasashe 'yan ba-ruwanmu, tana kuma iya nufin wanda bai damu ba sam. Ta biyun kuwa la diniyya ce tsagwaronta, kuma duk Bahaushen da ya ji ta ya gama yanke hukunci kafin a fara bayani.

Abin mamaki shi ne muna da kalmar da ta yi daidai da asalin tun da daɗewa, ba mu lura ba. Idan muka ce ilmin zamani muna bambanta shi da ilmin addini, kuma babu wanda ke ɗauka cewa likita ko injiniya ya fita daga Musulunci. Zamani shi ne saeculum. Amma gwada cewa ɗan duniya ka ga yadda fuska za ta canja, alhali duniya ita ce alam ɗin da almaniyya ta fito daga cikinta. Harshenmu da kansa ya san cewa harkar duniya tana da fuska mai kyau da marar kyau.

Saboda haka idan aka kawo maka wannan kalma, a Gadarif kake ko a Kano ko Maraɗi, kafin ka karɓa ko ka ƙi, tambayi mai maganar abin da yake nufi. Shin gwamnati ce za ta daina fifita wani addini, ko ita ce za ta riƙe linzamin masallatai kamar a Turkiyya, ko addini ne za a kora daga makaranta da kotu? Wa zai yanke hukuncin aure da gado? Wa za a ba takardar ɗan ƙasa, kuma da wane sharaɗi? Haka nan wanda ya zo maka da sunan Shari'a, tambaye shi ko akwai wurin harshenka da ƙabilarka a ƙasar da yake son ginawa. Hausawan Gadarif sun ji alkawuran ɓangarorin biyu, kuma har yanzu amsar waɗannan tambayoyi suke jira.