Hilaros: Fara'ar Mai Bayarwa

'Yan'uwa cikin Almasihu, yau za mu duba kalma ɗaya ta Helenanci da ke cikin 2 Korintiyawa 9:7, wato hilaros. A nan kaɗai ta fito a wannan siffa cikin Sabon Alkawari. 'Yar'uwarta hilarotes tana cikin Romawa 12:8, inda ake maganar mai yin aikin jinƙai.

Bari mu fara da tarihin. Wajen shekara ta 55 zuwa 56 bayan haihuwar Almasihu, Manzo Bulus yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Al'ummai domin matalautan masu bi a Urushalima. Tun da fari ya gaya wa mutanen Korinti kowa ya riƙa ajiye wani abu a ranar farko ta mako. Sun fara da himma, amma shekara ta zagayo ba su gama ba. Ikkilisiyoyin Makidoniya kuwa, da ke fama da talauci da tsanani, su ne suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu. Daga Makidoniya ɗin ya rubuta wasiƙar, ya aiki Titus da 'yan'uwa biyu su kammala tarin kafin ya iso.

Ba Bulus ya ƙirƙiro kalmar ba. Ya same ta a fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari, wadda Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. A Karin Magana 22:8 fassarar tana da ƙarin layi da babu a Ibrananci, wanda ke cewa Allah yana sa wa irin wannan mutum albarka. Bulus ya ɗauko layin, ya sa ƙauna a wurin albarka.

To, mene ne ma'anarta? Ga Helenawa, hilaros shi ne mai sakin fuska, wanda zuciyarsa ta yarda. A ayar, Bulus ya sa ta gaba da kalmomi biyu: lupe, wato baƙin ciki, da ananke, wato tilas. Wasu masu wa'azi kan ce tana nufin mu bayar muna ƙyaƙyata dariya. Wannan ma'ana ta Turanci ce, wadda ta zo ta hanyar Latin ɗaruruwan shekaru bayan Bulus.

Abin ya shafe mu. Idan a ranar baikon girbi muka kira sunaye da adadi har gwauruwa ta ci bashi don gudun kunya, mun sami kuɗi, amma ananke ce ta kawo shi. Bulus ya so kowa ya yanke shawara a zuciyarsa tun yana gida. Saboda haka mu zauna da iyalinmu kafin Lahadi, mu ware mudun dawa ko doyar da za mu iya, mu kai da sakin fuska. Mu kuma tambayi tsofaffinmu kalmar da yarenmu ke kiran wanda ya tarbi baƙo da murna. Watakila ita ce ta fi kusa da hilaros.

Ubangiji ya ba mu irin wannan zuciya. Amin.