Gwaji Kafin Ciniki: Gasar Busa ta Birnin Faris a 1845

Masu iya magana kan ce, ba a cinikin biri a sama. Da wuya a sami hajar da wannan zance ya fi dacewa da ita kamar kayan busa na tagulla, irin su begila da sauran ƙahonin badujala. Ƙyallinsu ba ya nuna ingancinsu. Ƙaho na iya ɗaukar ido, amma iska tana zurarewa ta mahaɗarsa, ko maɓallansa suna cijewa, ko muryarsa ta ƙi daidaita da ta sauran. Sai an busa ake sanin gaskiya. A wannan ɗan rubutu za mu waiwayi wani gwaji da aka yi a ƙasar Faransa kafin a ƙulla wani babban ciniki.

A wancan zamani babu mai sayen kayan busa da yawa kamar soja. Duk maƙerin da rundunar Faransa ta amince da hajarsa, kakarsa ta yanke saƙa. Ana haka sai wani matashin maƙeri ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Sax, wanda aka haifa a 1814, ya tare a Faris a 1842. Ya ƙera ƙahoni masu maɓallai, manya da ƙanana, waɗanda muryoyinsu ke tafiya tare kamar 'yan ɗaki ɗaya, ya kuma ce sun fi na soja. Tsofaffin maƙeran birnin suka yi masa caa, domin sun hango tuwonsu zai zube.

Hukuma ba ta ɗauki maganar kowa ba, sai ta kafa kwamiti, aka shirya gasa. Ranar 22 ga Afrilu 1845, a filin Champ de Mars, ƙungiyar Sax ta kara da ta Michele Carafa, shugaban makarantar kiɗan soja, a gaban mutane kimanin 20,000. Zaɓen fili ya dace, domin a sarari soja ke busa, ba a ɗaka ba. Muryar ƙahonin Sax ta fi kai wa nesa, ta fi cika kunne. A watan Agusta na wannan shekara aka ba da umarnin shigar da su cikin badujalar soja.

Sai dai cin gwaji daban, cin riba daban. Da aka yi juyin juya hali a 1848, sabuwar gwamnati ta soke umarnin, ba a waiwayi kayansa ba sai 1854. Abokan hamayya kuwa suka yi ta jan sa kotu a kan haƙƙin ƙirƙira. Sau uku yana karyewa, a 1852 da 1873 da 1877, ya kuma rasu a 1894 hannunsa babu komai. Duk da haka, ƙahonin da suka samo asali daga ƙirarsa suna nan ana busawa.

Abin da muka tsinta a nan shi ne, ciniki yana bin iskar mulki, inganci kuwa kunne ne alƙalinsa. Shi ya sa dillalin kirki kan ba mai saye 'yan kwanaki ya gwada ƙaho a inda zai yi aiki da shi. Wanda ya hana gwaji kuwa, da walakin, goro a miya.