Wuƙar Selkirk: Shekara Huɗu a Tsibirin da Ba Kowa

A wannan makon za mu leƙa tarihin wani mutum da ya rayu shi kaɗai a tsibiri, mu ga wanne ne cikin kayansa ya riƙe shi.

A shekarar 1704, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Sikotilan mai suna Alexander Selkirk ya samu saɓani da kyaftin ɗinsa, Thomas Stradling. Selkirk ya dage cewa jirginsu, Cinque Ports, ya ruɓe, gara a sauke shi da ya ci gaba da tafiya a cikinsa. Kyaftin kuwa ya sauke shi a ɗaya daga tsibiran Juan Fernández, kimanin kilomita 670 daga gaɓar ƙasar Chile. Aka bar masa bindiga da albarushi, da gatari, da wuƙa, da tukunya, da shimfiɗa, da Littafi Mai Tsarki. Maganarsa ta tabbata, domin daga baya jirgin ya nutse.

Da mu aka ba zaɓi a ranar, da yawancinmu bindigar za mu runguma. Amma albarushi yana ƙarewa, kuma da nasa ya ƙare sai bindigar ta zama sanda. Daga nan da ƙafa yake bin awakin daji da ke tsibirin har ya kama su. Kama akuya kuwa somin taɓi ne. Sai an yanka, an feɗe, an yanyanka naman, duk aikin wuƙa. Da tufafinsa suka yage, fatar awakin ya mayar riga da hula. Mahaifinsa majemi ne kuma baduku, saboda haka aikin fata ba baƙonsa ba ne. Da wuƙar yake tsaga fata siri-siri ta zama zare, ƙusa kuma ta zama allura. Da ita ce ma yake sassaƙa sunansa a jikin itatuwa.

Yau da gobe, wuƙar ta cinye har gadon bayanta. A nan ne labarin ya fi daɗi. Selkirk ya tsinci ƙarafen da ake ɗaure ganga da su, waɗanda aka yar a bakin teku, ya yi ta bugunsu har suka yi faifai, ya wasa su a kan dutse, ya samu sababbin wuƙaƙe. Albarushi ya gagare shi haɗawa, amma wuƙa ƙarfe da dutse da haƙuri kawai take nema.

A watan Fabrairun 1709 jirgin Kyaftin Woodes Rogers ya ɗauke shi, bayan shekara huɗu da wata huɗu. Rogers ya buga labarin a 1712, kuma ana ganin yana cikin abin da ya zaburar da Daniel Defoe ya rubuta Robinson Crusoe a 1719.

Mu da ke koyon rubutu mu lura da abin da Rogers ya yi. Bai tsaya ga cewa mutumin ya sha wuya ba, ya nuna mana ƙusar da ƙarfen gangar, shi ya sa muka yarda da shi. Mu kuwa sau nawa jaruminmu yake ɓata a daji, mu wayi gari yana gasa nama ba mu faɗi da me ya feɗe dabbar ba? Kafin mako mai zuwa, kowa ya duba labarinsa ya gaya mana abin da ke aljihun jaruminsa.