Daga Maɗaba'a Zuwa Kanta: Tarihin Sayen Littattafai a Ɗakunan Karatu na Jami'o'i, Tare da Waiwayen Keffi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2001 Gwamnatin Jihar Nasarawa, a zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ta kafa jami'arta a garin Keffi, aka kuma naɗa Farfesa Adamu Baikie ya zama shugabanta na farko. Garin ba baƙon ilmin boko ba ne, domin tun 1949 ake da Kwalejin Gwamnati ta Keffi. Sai dai jami'a tana buƙatar ɗakin karatu mai ɗaukar nauyin bincike, kuma idan ana iya kammala gini cikin shekara biyu, littattafan da za a jera a cikinsa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan maƙala za ta bi diddigin hanyoyin da ɗakunan karatu na jami'o'in Nijeriya suka riƙa samun littattafai, da dangantakarsu da maɗaba'un jami'o'i, domin a gano dalilin da ya sa littafin Hausa da aka buga a Zariya ko Kano kan fi wanda aka buga a Ingila wuyar isa kantar jami'a irin ta Keffi.

2.0 Tubalin Farko

Tsarin ya samo asali ne daga Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, da John Harris a matsayin shugaban ɗakin karatunta. Hanyoyi huɗu aka dogara da su: saye, da kyauta, da musaya, da kuma ajiyar dole. Ita wannan ta ƙarshe doka ce ta 1950, wadda ta tilasta wa duk mai buga littafi a ƙasar ya ba ɗakin karatun Ibadan kofe biyu. Daga baya Doka mai lamba 29 ta 1970 ta mayar da wannan hakki ga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ta kuma sa wa kamfanonin ɗab'i kofe uku.

Saye kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan aikin, tun farko Turai ya fuskanta. Kamfanonin ɗab'i na Ingila kan aiko da jerin sababbin littattafansu, a rarraba wa sassa, malamai su zaɓa, jami'in saye ya duba ko akwai littafin a kanta, sannan ya aika wa dillali a Ingila da takardar oda. Dillalin shi zai tattaro littattafan daga kamfanoni daban-daban, ya ɗaure, ya aiko da takardar kuɗi guda ɗaya. A bisa wannan turba aka gina ɗakin karatu na Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, wanda ke ɗauke da sunan Sa Kashim Ibrahim. Tsari ne mai kyau, muddin akwai kuɗin waje, kuma muddin littafin da ake nema yana cikin jerin wani kamfani.

3.0 Maɗaba'un Jami'a da Littafin Hausa

Abin lura a nan shi ne, ɗab'in Hausa ya girmi maɗaba'un jami'a, kuma a wajen jami'a ya girma. Hukumar Fassara da Hukumar Talifi, da Kamfanin Gaskiya na 1945, da Hukumar NORLA ta shekarun 1950, da Kamfanin NNPC na 1966, duk makarantu da yaƙi da jahilci suka sa a gaba. Kasuwarsu ma'aikatun ilmi ce, masu sayen dubban kofe a tashi ɗaya. Ɗakin karatun jami'a mai neman kofe biyu ko uku ba abokin ciniki ba ne da za a yi wa shimfiɗa.

Ita kuwa Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970, ta fitar da ayyuka masu nauyi, irin su littafin Mahdi Adamu a kan rawar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, da na Yusufu Bala Usman a kan Katsina a 1981. Waɗannan da Ingilishi aka rubuta su. Ta kuma yi wa nazarin Hausa hidimar da ba za a manta ba, domin ita ta sake buga ƙamusun Bargery na 1934 a shekarar 1993, tare da ƙarin da Neil Skinner ya yi masa, ita ce kuma ta buga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006.

Alaƙar maɗaba'a da ɗakin karatu ta fi ƙarfi ta fuskar musaya. Jami'ar da ke da mujalla ko littafin da ta buga tana da abin miƙawa: ta aika wa takwararta ta Ingila ko Jamus ko Amurka, a aiko mata da nasu, ba tare da ko kwabo ya fita ba. Ta haka mujallu irin su Harsunan Nijeriya na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano suka shiga ɗakunan karatu na ƙetare. Wanda ba ya buga komai kuwa, ba shi da bakin magana a wannan kasuwa.

4.0 Shekarun Fari

Tun daga 1982, lokacin da kuɗin man fetur ya ja baya, aka tsananta lasin shigo da kaya, biyan dillalan waje ya fara wuya. A watan Satumba na 1986 Gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar musayar kuɗi a ƙarƙashin shirinta na tayar da komaɗar tattalin arziki. Naira ɗaya wadda ta ɗan ɗara dala ɗaya a 1985, sai ga shi a 1987 ana ba da naira 4 a kan dala, a 1993 kuwa naira 22 a farashin gwamnati. Ɗakunan karatu suka daina biyan kuɗin mujallu. Duk wanda ya bi kantocin tsofaffin jami'o'i zai ga inda jerin mujallu ya yanke a tsakiyar shekarun 1980, tamkar alamar da ambaliya kan bari a jikin bango.

Maɗaba'un ma ba su tsira ba, domin takarda da tawada da kayan gyaran inji duk daga waje suke zuwa, masana'antar takarda ta Iwopin da aka sa wa rai kuwa ba ta tsinana abin kirki ba. Jami'o'i suka ce wa maɗaba'unsu su ci da kansu. Sai suka karkata ga buga takardun jarrabawa da kalanda da littafin da marubuci ya biya kuɗinsa ya kwashe kofensa ya tafi gida. Irin wannan littafi ba ya shiga jerin kowa, ba shi da rumbu, kuma idan marubucin ya rasu, sau da yawa hanyar samun littafin ta rasu tare da shi.

An yi ƙoƙarin magance matsalar. A 1990 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 120 ga jami'o'in Gwamnatin Tarayya, wani kaso domin shigo da littattafai da mujallu. Yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnati da Ƙungiyar Malaman Jami'o'i ta ware wa ɗakunan karatu kashi 10 cikin 100 na kasafin yau da kullum, sannan Doka mai lamba 7 ta 1993 ta ɗora wa kamfanoni harajin ilmi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Duk wannan ya taimaka, amma kuɗi ne aka zuba a tsohuwar magudana, wadda bakinta ke kallon teku.

A daidai waɗannan shekaru ne kuma rubutun Hausa ya yi bunƙasar da bai taɓa yi ba, da fitowar ɗaruruwan littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Yayin da masana ke ta muhawara ko adabi ne ko ba adabi ba ne, jami'an saye ba su da jerin da za su duba, ba su da dillalin da za su rubuta wa. Abin da zai sa manazarci ya yi shiru shi ne, ɗaya daga cikin manyan taskokin waɗannan littattafai Graham Furniss ne ya tara ta a Landan, jerin sunayensu na 1987 zuwa 2002 kuma, wanda ya shirya tare da Malami Buba da William Burgess, a Jamus aka buga shi a 2004.

5.0 Gadon da Keffi ta Tarar

Jami'ar Keffi ta zo ne bayan an sha wannan fari. Rancen Bankin Duniya ya wuce tun ba a haife ta ba, da ma ba a sa jami'o'in jihohi a cikinsa ba. Abin da ta tarar shi ne asusun harajin ilmi, wanda ya koma TETFund a 2011, yana kuma tallafa wa ɗakunan karatu na jami'o'in tarayya da na jihohi. Kusancinta da Abuja ma gata ne.

Amma kuɗi ba ya sayen abin da babu shi a kasuwa. Sabuwar jami'a da ke son koyar da Hausa tana buƙatar ayyukan da aka buga shekaru da dama kafin kafa ta, irin su Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya na 1988, da tsofaffin fitowar mujallun Kano da Zariya da Sakkwato. Nahawun Paul Newman da Jami'ar Yale ta buga a 2000 yana da tsada, amma yana da lamba, yana da farashi, dillali zai kawo shi. Littafin da malami ya buga wa kansa a Kano kuwa, sai an san wanda ya san shi.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ƙara wani mataki, domin ta shar'anta gasa tsakanin 'yan kwangila masu rajista da shaidar biyan haraji. Manufarta tsare dukiyar jama'a ce, sai dai mai shagon littattafai a kasuwar Sabon Gari, wanda shi ke da kayan, ba ya cikin masu cike takardun neman kwangila. Ɗan kwangila kuma kan kawo abin da ya fi sauƙin samu a Legas. Saboda haka ne a sassan Hausa na sababbin jami'o'i ake yawan ganin ɗalibin da ke rubuta kundi ya aro kofen malaminsa, ya kai wa mai injin kwafi a bakin ƙofar jami'a, ko kuma ya hau mota zuwa Zariya ko Kano domin ya karanta babi ɗaya.