Jakadun Najeriya a Birtaniya

Tun samun 'yancin kai a 1960 Najeriya ke tura jakada Landan. Da yake ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar Kwamanwel, Babban Kwamishina ake kiransa.

Cikin waɗanda suka riƙe muƙamin akwai Birgediya Babafemi Ogundipe daga 1966 zuwa 1970, Christopher Kolade daga 2002 zuwa 2007, sai Dokta Dalhatu Sarki Tafida daga 2008 zuwa 2015.

A 1984, zamanin mulkin soja na Muhammadu Buhari, yunƙurin sato Umaru Dikko daga Landan ya ɓata dangantakar ƙasashen. Kujerar Babban Kwamishinan ta zauna babu kowa, ba a sake musayar jakadu ba sai 1986.