Ruwan Lagdo da Gonakin Masakwa

Duk ranar da na buɗe layin waya a shirinmu na manoma, da wuya a tashi wani dattijo daga wajen Pitowa bai kawo zancen masakwa ba. Da farko na ɗauka begen zamanin da ne kawai. Sai da na bi tarihin abin na gane kukan nasu yana da tushe.

A da, kogin Binuwai yakan cika ya batse a ƙarshen damina, ya malale fadamun da ke kewaye da Garwa, sannan ya janye ya bar laka mai riƙe danshi. A cikinta ake dasa masakwa, dawar nan da Fulani ke kira muskuwari, wajen watan Oktoba. Haka za ta girma babu ko ɗigon ruwan sama, babu taki, babu injin ban-ruwa, a girbe ta da rani. Idan damina ta yi gardama, ita ke rufa wa gida asiri.

Hukuma kuwa idonta yana wani wuri. Tun farkon shekarun 1950 kamfanin Faransa na CFDT ya yaɗa noman auduga a arewacin Kamaru, a 1974 SODECOTON ya gaje shi, da hedikwata a nan Garwa. A shekarun 1970 ɗin ne kuma aka soma shirin raya arewa maso gabashin Binuwai, aka riƙa kwaso manoma daga duwatsun Mandara, inda jama'a ta yi wa ƙasa yawa, ana ba su daji su sare. Sai babban aiki: madatsar Lagdo, wadda 'yan Sin suka gina daga 1977 zuwa 1982, zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan.

Kada in yi mata rashin adalci. Da wutarta nake magana a rediyo, kuma tafkinta ya tara masunta daga Najeriya da Cadi har da Mali. Amma an yi alkawarin noman rani a dubban hekta, abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba. Ambaliyar shekara-shekara kuwa ta tsaya, fadamu da yawa suka daina samun laka, masakwa ta ja baya. A ganina, masu tsarin sun lissafa wuta da shinkafa, suka manta da abin da kogin ke bayarwa kyauta, don bai taɓa shiga littafin ofis ba.

Ruwan ya dawo a 2012, amma ta ƙofofin madatsa, lokacin da amfani ke tsaye a gona. Ya ci ƙauyuka a nan, ya wuce Yola da Makurɗi har Lokoja. Madatsar Dasin Hausa, da aka tsara a jihar Adamawa don ta tare shi, har yau tana kan takarda.